Tsohon da Ya Ƙi Zama

Da ƙafarka ta taka dandamalin tasha, sai ƙasa ta buɗe shiru, kujera ta tsiro a bayanka. Mutum goma, kujera goma. Mai-tsiro ke nan, na'urar da Injiniya Uwani Gambo ta ƙera a shekarar 2091, bayan majalisar birnin Tudun Haske ta kafa doka cewa duk tashar bas da fasinja ya yi minti uku a tsaye, a rufe ta.

Tasha ɗari huɗu suka bi doka. Ta Layin Maƙera kuwa ta ƙi ƙememe. Kullum ƙarfe bakwai na safe na'ura sai ta nuna mutum ashirin a tsaye, ga kujeru ashirin ba kowa. Saura kwana biyu a rufe tashar, mutanen unguwa su koma takawa kilomita uku kafin su ga bas.

Abin ya tsaya wa Uwani a rai. Ta duba idon na'urar, lafiya lau. Ta ƙara wa kujerun soso, a banza. Rannan dai ta yi sammako ta je da kanta.

Ashe wani tsohon maƙeri ne, Baba Tanimu, yake tsaye dogare da sanda. To wa zai zauna dattijo na tsaye?

Ta rusuna ta gaishe shi. "Baba, kujerar ce ba daɗi?"

"Kujera kam ta yi, 'yata," in ji shi. "Amma da, in na zo, wani ke miƙewa ya ce, Baba ga wuri. In zauna, in sa masa albarka, ya tafi aiki da ita. Yanzu wa zan sa wa albarka? Ƙarfe?"

Kunya ta kama Uwani. Shekara shida tana lissafin nauyin mutum da tsawon ƙafarsa, wannan bai taɓa faɗo mata ba.

Ta koma ta zauna a tata kujerar, sannan ta miƙe. "Baba, bismillah, ga wuri."

"Allah ya yi miki albarka."

Ya zauna. Kowa ya zauna. Uwani ta ja da baya ta sauka daga dandamalin don kada a ƙirga ta a tsaye, fitilar na'ura ta koma koriya.

Tasha ta tsira ranar. Uwani ta buɗe takardar rahoto, ta iso wurin da aka ce a rubuta gyaran da aka yi wa na'ura, ta rasa abin rubutawa. Bas na tsayawa, Baba Tanimu ya waiwayo.

"'Yata, gobe wa zai tashi mini?"