Wanda Ya Zagaye Maɗaci

Insifekta Huzaifa bai gama shan kokonsa ba aka shigo da wani tsoho ofishin 'yan sanda na Safana, ƙarti huɗu na riƙe da shi sai ka ce an kamo ɗan fashi. Malam Sammani ne, mai maganin gargajiya a wani ƙauye bayan Zakka. Laifinsa, in ji su, ya kashe maɗacin garinsu.

Ba ƙaramin itace ba ne. Sai maza bakwai sun haɗa hannu suke kewaye shi, har daga Katsina ake kwaso ɗalibai su zo kallo. Waɗanda suka zo yau da safe ne suka tarar an sassaƙe ɓawonsa zagaye, itacen da aka yi wa haka kuwa tasa ta ƙare. A jakar tsohon an sami ɗanyen ɓawo.

"Gobe da safe kotu," in ji ogansa.

Huzaifa ya dubi tsohon, ga shekaru ga tari. Wannan ba zai yi sati a gidan yari ba. Hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya tayar da babur ya nufi ƙauyen.

A gindin itacen ya tarar da Jafaru, mai zagayawa da baƙi, bakinsa ba ya gajiya.

"Yallaɓai, irinsa arba'in ne a da. Ka ga kututturan can? Kakana ne ya yanka su da zarto irin na mutum biyu, ana lodin katako zuwa Katsina. Wannan ya gagare shi, zarto biyu ya karya."

"Wa ka gani a nan?"

"Malam Sammani, bayan asuba, da idona. Ni ko taɓa itacen ba na yi."

Huzaifa ya koma ofis kamar zai tashi sama. Tsohon ya fara da rantsuwar bai je wurin ba.

"Baba, ɓawon jakarka har yanzu da danshi. Ƙarya ba za ta fisshe ka ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na je. Tsoro ne, ɗana. Amma faɗin tafin hannu na ɗiba, gabas da yamma, na liƙe ciwon da laka. Haka ubana ya koya mini. Mai magani ba ya zagaye itace, gobe ma yana bukatarsa."

Karo na biyu ke nan Huzaifa na kan hanyar Zakka, rana na dukan ƙeya. Ga su kuwa, tabo biyu na laka, ɗaya gabas ɗaya yamma. Saran da ya zagaye itacen na ƙasa da su, mai zurfi, na hannun da ke sauri.

Ya zarce gidan mai unguwa. "Ranka ya daɗe, wa zai amfana idan itacen nan ya mutu?"

"Dokarmu ɗaya ce, ɗanye ba a taɓa shi, busasshe kuwa mai zarto ya ɗauka." Sai ya ƙara da cewa, "Bara Jafaru ya tambaye ni ko dokar na nan."

Tambaya dai ba shaida ba ce, ga la'asar ta kawo kai. Huzaifa ya iske Jafaru a ƙofar gida, zaune kusa da damin rake.

"Ina gatarinka?"

"Na ba da aro tun damina, yallaɓai. Zauna ka jiƙa maƙoshi."

Ya jawo adda daga ƙarƙashin tabarma, ya datsa rake, ya feƙe, ya miƙa. Mai wayo ya yi karamci, ya kwance wa kansa zane a kasuwa. Huzaifa ya gatsa, ya tofar nan take. Ɗacin har cikin kunnensa ya ji shi.

"Yaushe rake ya fara ɗaci?"

"Wata ƙila ƙasar ce..."

"Lasa addar."

Jafaru ya dubi addar. Jan ƙaron maɗaci ya bushe a gindin ƙota, inda tsumma bai kai ba. Bai lasa ba.

"Ni ne," ya ce, murya ta yi ƙasa. "Na laɓe har tsohon ya tafi. Shekara ashirin ina ba baƙi labarin itacen da ya kayar da kakana, suna dariya. Na ce in ya bushe, ni zan ƙarasa aikin."

Huzaifa ya ɗaura masa ankwa.

Suna isa ofis aka buɗe wa Malam Sammani. A bakin kanta suka yi kiciɓis, ɗaya na fita, ɗaya na shiga. Tsohon ya riƙo hannun rigar Jafaru.

"Jikan Abdulmumini, ka bar masa ɓawo ko faɗin yatsa? Da yatsa ɗaya ma zan iya ceto shi."

Jafaru ya kawar da kai. "Sau biyu na zagaya, Baba."

Tsohon ya saki rigar, kofur ya tisa ƙeyar Jafaru ciki.