Saƙon da Siddiƙa Ta Kasa Karantawa

A shagon turaren wuta a Yerwa Mikail ya fara ganin Siddiƙa. Tana zaɓen turare, shi kuwa yana gefe da waya a kunne, yana maimaita wasu kalmomi kamar mai ƙaya a maƙogwaro.

"Malam, lafiya? Ko a kawo maka ruwa?"

"Jamusanci nake koyo. Aikin jinya zan je yi can."

"To, Allah ya sawwaƙe," ta ce, ta rufe baki da gefen lafaya tana dariya.

Dariyar nan ce ta kama shi. Kafin wata uku ta zama Hasken Idona, shi ya zama Bajamushena.

Amma kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an harar. A ajinsu na Jamusanci da ke unguwar Mairi an haɗa Mikail da wata Agnes su riƙa gwada magana. Kullum zancensa ke nan: Agnes ta ce, Agnes ta gyara min.

"Wannan Agnes ɗin ba ta da gidan uba ne?"

"Haba Hasken Idona, karatu ne fa."

"Karatun da ake ƙyalƙyala dariya? Da kunnena na ji ku a waya."

Mahaifinta Alhaji Ba'ana, dillalin shanu a Abbaganaram, da ma ba ya son bai wa mai shirin barin ƙasa 'yarsa. Da ƙyar ya ce yaron ya zo Asabar bayan La'asar. Aka shimfiɗa darduma, aka dafa shayi, ƙannen Alhaji biyu suka zo. Har aka kira Magariba babu Mikail. Yana Mairi, jarrabawa ta cinye masa hankali.

Alkawari kaya ne. Alhaji ya naɗe dardumarsa.

Sai ga saƙo a wayar Siddiƙa. Malaminsu ya hana su rubutu da kowane harshe sai Jamusanci har a gama jarrabawa, hannun Mikail kuwa ya riga ya saba:

"Es tut mir leid. Ich habe es vergessen. Ich habe keine Ausrede."

Ya yi ta kira, ta ƙi ɗagawa. Ta ce tunda yarensu ne su biyu, daga bakin Agnes za ta ji. Da safe ta hau keke sai Mairi.

"Ke ce Agnes? Karanta min."

"Ya ce ki yi haƙuri, mantawa ya yi, ba shi da wani uzuri. Ni na ce masa ya ce mota ce ta lalace, ya ƙi."

"Au! Wato kina gefensa da ya rubuta?"

Agnes ta yi dariya ta miƙo yatsa mai zobe. "'Yar'uwa, riƙe abinki. Pindar nawa yana jira, Disamba bikinmu."

Zato zunubi. Kishin ya kwanta, ban ce ya mutu ba.

Asabar biyu Mikail yana zuwa, Alhaji yana barinsa zaune a ƙofar gida har Magariba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A ta uku aka ce ya shigo.

"Me ya hana ka zuwa?"

"Baba, mantawa na yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Alhaji ya ce, "Shekara arba'in ina kasuwar shanu. Duk wanda ya saɓa min, ko mota ta lalace ko kakarsa ta rasu. Wani kakarsa sau uku tana rasuwa. Kai ne na farko da ya ɗora wa kansa. Turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, Agnes da Pindar suna cikin masu cin shinkafa. Amarya kuwa ta shiga ajin Jamusanci, tunda tare za su tafi, kuma kujerarta tana tsakanin mijinta da Agnes.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa tuna gida.