Murhun da Aka Hura Ba Sallama

Yammacin ranar ya fara kamar kowane yammaci na hunturu a Limjan. Masunta sun ja kwale-kwalensu tudu sun kife, iskar murlan tana gangarowa daga kan duwatsu tana bugun tagogi, teku ta yi kalar toka. Zenel yana ta kai da komo tsakanin rumfar itace da babban ɗakin masaukinsa, yana ɗauke da faskaren zaitun a ƙirji.

Masaukin ɗaki takwas ne, a bakin tashar jiragen ruwa, kuma tun zamanin Shaban, mahaifin Zenel, ba a buɗe shi sai da bazara. In sanyi ya shigo a rufe tagogi, a naɗe katifu, iyalin su koma ɓangaren baya kusa da madafa. A wannan shekarar ce Drita, 'yarsa tilo, ta dawo daga karatu a birni da shawara. Ta ce mutanen birni yanzu sun koyi zuwa gaɓa da hunturu, su zauna su kalli teku tana fushi, su sha miyar kifi, su koma. Ta yi ta binsa da maganar har ya gaji ya yarda. Baƙi shida suka zo a karon farko, ko bakwai ne, lissafin ya kwance mini, amma akwai wata tsohuwar likita da mijinta a cikinsu.

Gidan bazara ba a gina shi don ɗumi ba. Abin da ake da shi kawai shi ne wani tsohon murhu a bangon babban ɗaki, mai doguwar kafar hayaƙi, wanda aka toshe da allon katako shekara arba'in da suka wuce. Zenel ya ɓamɓare allon da la'asar. Da ya durƙusa zai jera itace sai ya tuna mahaifiyarsa. Ita ce takan ce murhun da ya daɗe a mace ba a hura shi haka kawai. Sai an yi almuru uku ana ƙwanƙwasa dutsensa, ana sallama, ana cewa wanda ke ciki ya kwashe kayansa. Har ya ɗaga hannu. Amma baƙi na zaune a bayansa cikin manyan riguna suna murza tafuka, biyu sun ɗaga waya za su ɗauki hoton wutar farko. Ya ji nauyin a gan shi yana yi wa bango sallama. Ya sauke hannun, ya miƙa wa Drita ashana, ya ce tunda shawararta ce ita za ta kunna.

Wutar ta kama da kyau. Can cikin kafar hayaƙin aka ji wani abu kamar ana jan buhu a kan dutse. Sai tsakuwa ɗaya ta faɗo tsakiyar garwashi, ta mirgino har gaban ƙafar Drita. Tsakuwar teku ce, sumul, kuma a jiƙe take. Baƙin suka yi dariya, wani ya ce tsohuwar sheƙar tsuntsu ce. Sadete, matar Zenel, tana tsaye da tiren kofi a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba.

Daga ranar, kullum rana ta yi ƙasa sai jifa. Tsakuwa ta sauko ta murhu, ta sauka kan rufi, ta bugi tagar madafa daga ɓangaren da babu kowa sai ruwa. Zenel ya zagaya gidan da tocila cikin iska, bai ga ko kyanwa ba. A rana ta uku aka fara jin murya a bangon, ƙasa ƙasa, kamar mace tana lallashin jariri. Baƙin suka daina dariya. Sun so tafiya, amma duwatsu sun zubo sun tare hanya ɗaya tilo da ke hawa tudu zuwa birni, jirgi kuwa ba mai fita da shi.

Drita ce ta canza. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, wadda ke tsokanar baƙi tana gyara wa ubanta hula, ta koma zama a lungun da ya fi nisa da wuta, fuskarta ga bango. Ta ƙi duk abinci mai zafi. Daga baya ta ƙi mai sanyin ma. Hannuwanta kamar an tsamo su daga teku, kuma kullum akwai baƙin hayaƙi a ƙarƙashin farcenta, ko da uwarta ta wanke su yanzu. Tsohuwar likita ta duba ta sau biyu. Ta ce babu zazzaɓi, amma bugun zuciyar yana ta raguwa, in aka ƙara kwana uku a haka ba ta san abin da za ta ce musu ba.

Zenel ya kasa tsayawa ya kasa zama. Ya fita ya dubi hanya, ya dawo ya dubi teku, ya shiga ya dubi 'yarsa, ya ƙara itace a murhu ko ɗumi zai kai gare ta. A almuru na biyar Drita ta miƙe a hankali, ta shiga madafa, ta ɗauko tukunyar miya da hannu biyu, ta juye ta duka a kan wutar. Cikin tururin ta juyo ta dubi ubanta, ta ce da muryar tsohuwa, mai kaushi, wadda babu wanda ya taɓa ji a gidan:

"Kana ƙara mana, ɗan Shaban?"

Sadete ta ja mijinta zuwa rumfar itace. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko ya ƙwanƙwasa murhun kafin a hura. Ya dubi ƙasa.

"Ni da na shigo gidan nan da aure na riƙe maganar Inna," in ji ta. "Kai da ta haifa ka bari don mutum shida da waya. Gobe da sassafe ka hau wajen Hoja Idriz. In ba za ka iya ba ka ba ni takalminka."

Hoja Idriz, malamin garin, yana zaune can sama cikin gonakin zaitun, yana kiwon zuma. Guntun tsoho ne, ya yi karatu a Shkodra, wasu sun ce har gaba da nan, na taɓa sanin ko ina ne amma na manta. Ya saurari Zenel har ƙarshe bai katse shi ba, sa'an nan ya ce ai Zenel tun yana yaro haka yake, in yana sauri sai ya kai tsakiyar masallaci yake tuna takalmi. Suka gangaro tare, iska ta karya wa tsohon laima a hanya, ya ci gaba da riƙe sandar.

Da suka iso bai nufi yarinyar ba. Ya nemi kofi, ya sha, ya yi sallar la'asar, ya roƙi baƙi su hau sama. Sai da haske ya fara ja ya zauna a ƙasa gaban Drita, ya sa uwarta ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu a hankali kamar mai karanta wa kansa. Ya daɗe. Tsakuwa ta yi ta zuba a murhun da ya mutu, ɗaya bayan ɗaya. Zenel na jingine da ƙofa. Can Drita ta ɗago kai.

"Ya isa, tsoho. Ba kurma ba ce ni."

Hoja ya yi mata sallama, ta amsa yadda Musulmi ke amsawa. Ya tambaye ta me ya shigar da ita jikin da ba nata ba. Ta ce shekara talatin da ɗoriya tana cikin wannan kafar hayaƙi, ba ta taɓa fasa wa mutanen gidan ko kofi ba. Da bazara tana jin hayaniyar baƙinsu tana haƙuri. Tsohuwar gidan ta san da ita, in za ta share wajen sai ta yi gyaran murya. Sai ga shi ran nan, ba sallama, ba kashedi, wuta ta taso musu daga ƙasa.

Hoja ya ce, "Ke da aka halitta daga wuta, wuta ce za ta kore ki?"

"Kai da aka halitta daga ƙasa, bari in buga maka hoge a goshi mu gani."

Tsohon ya ɗan murmusa, ya ce ta yi gaskiya. Amma ita ba ta yi dariya ba. Ta ce su huɗu ne a ciki, ita da 'ya'yanta uku, ƙaramin bai iya hawa da sauri ba. Yanzu su uku ne.

Zenel ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ne, ba yarinyar ba. Ya ce ya tuna, ya ɗaga hannu, kunya ta sa ya sauke. In akwai abin da za a ɗauka a ɗauka daga jikinsa.

"Me zan yi da jikinka?" in ji muryar. "Hannun da ya ƙyasta ashanar shi na kama."

Sa'an nan ta kawo hujjarta. Ta ce a wannan tasha, tun kafin a haifi kakan kowa, ba a fitar da mai kwana daga masauki muddin murlan na kaɗawa, ko ɓarawo ne, ko wanda ba shi da ko sisi. Kowa ya san haka. Ita an fitar da ita da 'ya'ya cikin iska. To a yi daidai: a kori baƙin nan yanzu, a rufe gidan, a bar mata shi.

Hoja Idriz ya ce dokar da ta kawo gaskiya ce, kuma an karya ta a kanta. Amma in Zenel ya tura mutum shida waje a wannan iska, tsofaffi biyu a ciki, ya yi musu abin da ya yi mata, kuma wannan karon da umarninta. Ya tambaye ta ko tana son ɗaukar wannan ta tsaya da shi gaban Wanda ya halicce su duka. Ya ce yarinyar nan tana mutuwa a hannunta, kuma ita ta fi kowa a ɗakin sanin abin da uwa ke ji.

Hawaye na bin fuskar Sadete yana sauka kan gashin 'yarta.

Da muryar ta sake magana, ta yi laushi. Ta ce gidan ma ya fita ranta, ba za ta iya komawa inda abin ya faru ba. Akwai tsohuwar hasumiyar fitila a kan dutsen da ke bayan bakin tasha, babu mai zuwa, can take so. Amma ba za ta tsallaka ruwan gishiri da yara biyu ba, kuma ba za ta fita a tudu ba don kada a tofa mata abin da zai ɗaure ta. A kai ta cikin kwale-kwale, a cikin wannan jikin, can za ta sauka.

Sadete ta ce ba za a sa mata 'ya a teku da hunturu ba. Hoja ya ɗaga mata hannu. Ya ce wa muryar an yarda, amma da sharaɗi uku: ba yau ba, sai iska ta faɗi, shi ma zai shiga jirgin, kuma daga yanzu za ta bar yarinyar ta ci ta sha. Ita kuma ta ce kada a sake hura murhun har ta tafi, kuma uban ne zai tuƙa, ba wani ba. Suka rantse wa juna.

A wannan daren Drita ta sha madara rabin kofi. Baƙin suka sauko suka cunkushe a madafa tare da iyalin, kusa da murhun girki, suna cin burek, gurasarsu mai cuku a ciki, da zaitun, ba mai yawan magana. Kwana biyu Zenel ya yi yana fita bakin gadar da jirage ke tsayawa yana duban ruwa. Yana so iskar ta faɗi, yana kuma tsoron ta faɗi.

Ta faɗi da hantsin rana ta uku, farat ɗaya, yadda murlan ke yi. Suka naɗe Drita da bargo biyu suka zaunar da ita a tsakiyar kwale-kwale, Hoja a baya. Sadete ta tsaya kan gada ta harɗe hannuwa, ba ta ɗaga musu ba. Zenel ya lura jirgin ya nutse fiye da yadda mutum uku za su nutsar da shi. Teku ba ta gama hucewa ba, tana ɗaga su tana saukewa, ruwa na fallatsowa ciki. Ya yi ta ja, bai dubi kowa ba, har gaban jirgin ya goga dutse.

Drita ta miƙa hannu ta dafa dutsen. Zenel ya ce a yafe masa. Ba a amsa ba. Jirgin ya ɗan ɗago sau ɗaya. Ya sake ɗagowa. Sai Drita ta yi atishawa mai ƙarfi har bargon ya zame, jirgin ya ɗago na uku. Zenel ya riƙe filafilai yana jira, shi kansa bai san me yake jira ba, har Hoja ya taɓa bayansa ya ce, "Shi ke nan, Zenel. Uku ne."

Yarinyar ta buɗe ido. Ta dubi ruwa, ta dubi tsohon malami da ke jiƙe sharkaf, ta dubi ubanta.

"Baba, me ya kawo mu teku cikin wannan sanyi?"

Filafili ɗaya ya kusa suɓuce masa. Drita ta yi tsaki kaɗan, ta matso ta zauna gefensa, ta karɓi ɗayan.

"Kawo nan," ta ce. "Ka tsufa, Baba. Ja, mu je gida, yunwa nake ji."