Rantsuwa a Kan Tukunyar Puri

"Ba zan je ba, Niru! Ka kai ni Puri in yi me? In tsaya a bakin ƙofa kamar mai tallar furanni?"

Jharana ce ke faɗa mini haka, muna tsaye a inuwar bishiya bayan asibitin da take aikin jinya a birnin Cuttack, a ƙasarmu Indiya. Ko farar rigar aikinta ba ta cire ba.

"Ki dai saurare ni, sanyin idona..."

"Ina jin ka, malam mai digiri biyu."

Na zayyana mata tsarin tafiyar. Za mu bi jirgin ƙasa na safe, wanda ke tsayawa a kowace tasha, domin shi ne mai araha. Guzuri daga gida, ruwa a gora, mu komo kafin rana ta faɗi don kada kwanan otal ya kama mu. Ɗan abin da nake samu wajen koyar da yara darasi a gidajensu ba zai ɗauki fiye da haka ba.

"Wannan duk na ji. Mahaifiyarka fa? Matar da ko ruwa ba ta taɓa karɓa daga hannuna ba?"

Gaskiya ta faɗa. Jharana Kirista ce, daga tsaunukan Kandhamal, mu kuwa Hindu ne. Ita ta yi jinyar mahaifina har ya cika. Ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki. Bou, mahaifiyata, ta gode mata da hawaye. Amma duk ranar da ta zo gidanmu, kofinta dabam ne, kuma a bayan ƙofa ake kife shi.

"Shi ya sa na zaɓi Puri," na ce. "Mahaprasad, Jharana. Shinkafar da aka dafa wa abin bautarmu Jagannath a haikalinsa. Ko daga hannun wa ta fito, ba a mayar da ita. Ni da Bou za mu shiga, mu fito da tukunya. Ke kuma ki ɗiba da hannunki ki miƙa mata. In ta ci sau ɗaya a bainar jama'a, da wane baki za ta sake ƙyamar hannunki?"

"Wato tarko za ka ɗana wa tsohuwa."

"Ƙofa zan buɗe mata."

"Kai dai akwai daɗin baki! In ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

Ta share gefen idonta. "Saboda kai zan je, ba saboda wayonka ba."

Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne sauƙin da Bou ta amince. Tana tsintar shinkafa na sanar da ita, ko kai ba ta ɗago ba.

"Da yarinyar za mu?"

"Da ita, Bou."

"To. Tun rasuwar babanka nake marmarin ganin Jagannath."

A cikin jirgi an cika maƙil. Jharana ta yi ta roƙo har ta samo wa Bou wuri. Mausi take kiranta, wato inna.

"Mausi, ga kusa da taga, zauna ki sha iska."

Bou ta zauna, ta gyara farin mayafinta na takaba, ta sa mata albarka. Ni kuwa ina tsaye ina ta yaba wa kaina, kamar wanda ya warware lissafin da ya gagari malamai.

A Ƙofar Zakuna, babbar ƙofar haikalin, iyakar Jharana ta ƙare, domin wanda ba Hindu ba ba ya wuce nan. Ta karɓi takalmanmu da wayoyinmu don kada mu biya kuɗin ajiya.

"Ku shiga, Mausi. Ki roƙa mini ni ma."

Muka kutsa cikin turmutsutsu, muka yi gaisuwa, muka fito farfajiyar da ake sayar da abincin. Na sayi tukunyar ƙasa mafi ƙanƙanta, shinkafa da miya, tana ta tururi. Bou ta karɓe ta daga hannuna, ta nemi gindin bango ta zauna.

"Zauna, Nirakar."

Rabon da ta kira cikakken sunana har na manta.

"Ka ɗauka ban san abin da ka ƙulla ba? Ni fa na goya ka."

Sai ta ɗora tafin hannunta na dama a kan tukunyar. Nan take na gane abin da take shirin yi. Ko yaron goye a ƙasarmu ya san rantsuwar da aka yi a kan mahaprasad ba ta warwaruwa. Na tuna cewa ba a ƙin abincin nan. Na manta cewa a kansa ake rantsuwa.

"Bou, don girman..."

"Kwantar da hankalinka, ba kai zan rantsar ba. Rantsuwar ɗan jami'a ba ta da nauyi. Ni zan rantse." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Na rantse da wannan abinci, in ka aure ta, ba hannunka ne zai sa wa gawata wuta ba. Ɗan ƙanina ya sa. In babu shi, baƙo ma ya sa."

Ni kaɗai ta haifa. A al'adarmu ƙona gawa ake yi, kuma ɗa ne ke kunna wutar. Ni na sa wa mahaifina wuta a bakin tekun garin nan, Bou tana nesa tana kuka. Shekaru na yi ina karanta falsafa, har na ɗauka na girme wa irin wannan tsoro. Amma da na hasko ta kwance a kan itace, wani can yana riƙe da wutar, ni ina gefe kamar ɗan kallo, sai duk karatun ya zube.

"Me ta yi miki, Bou? Me ta yi miki!"

"Ba ta yi mini komai ba. Yarinyar kirki ce. Amma 'ya'yanku fa, ta wace ƙofa za su shiga? Su ma a waje za su tsaya, riƙe da takalma?" Ta miƙe da ƙyar. "Ɗauki tukunyar. Yarinyar tana can rana na dukanta."

Mun tarar da Jharana inda muka bar ta, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta ajiye takalman, ta wanke hannu da ruwan gora, ta ɗebi shinkafar ta miƙa.

"Mausi..."

Bou ta tara hannu biyu, ta karɓa, ta ci. Sannan ta ɗiba da kanta ta kai bakin Jharana.

"Ci, 'yata. Kin sha rana."

Jharana ta fashe da kuka, shinkafar na bakinta. Ta dube ni fuskarta cike da murna, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Daga nan muka gangara bakin teku. Bou ta zauna a kan yashi ita kaɗai, ni da Jharana muka matsa gefe. Can gefe hayaƙi na tashi daga wurin ƙona gawa, iska na kwaso shi zuwa wajenmu.

"Ta ci, Niru! Ka ji ta ce mini 'yata? Na yi maka rashin adalci, masoyina, ashe kai ne da gaskiya..."

Na gaya mata komai, ban rage ko kalma ba. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa mata ƙafa ta koma.

"Kai me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba."

"To ai ka amsa."

"Jharana, mu yi haƙuri... mu ɗan jira..."

"Mu jira me?" Ta juyo, idanunta sun yi ja. "Faɗi mana! Mu jira ta mutu, ka sa mata wutar, sannan ka zo ka ɗauke ni? Ni mai jinya ce, Niru. Ba zan zauna ina sauraron ranar da numfashin mahaifiyarka zai tsaya ba. Kai ma ba zan bari ka zama haka ba."

"Ba zan iya rayuwa babu ke ba!"

"Za ka iya. Na ga waɗanda suka iya abin da ya fi wannan." Ta ciro wayata daga jakarta ta danƙa mini. "Mota zan bi. Kada ka biyo ni, Mausi ba ta iya hawa jirgi ita kaɗai. Kuma ta ci abinci, ka tuna mata ta sha maganin hawan jininta."

Ta bi ta tsakanin masu sayar da kifi da masu ɗaukar hoto, ba ta waiwayo ba. Na tsaya ina kallon inda ta ɓace, ƙafafuna na nutsewa cikin yashi.

"Niru," Bou ta kira daga bayana. "Zo ka ɗaga ni, gwiwata ta riƙe."

Na share fuskata, na je na ɗaga ta.