Kwaɗo a Kan Kabad

"Wannan gwangwanin na waye?"

Gilmara ta ɗago daga wanke-wanken da take yi. Mijinta Edivaldo na tsaye a bakin ƙofar kicin, ya ɗaga gwangwanin madara mai zaƙi sama kamar ɗan sandan da ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Yanzu har shara kake tonawa, Valdo?"

"Tambayarki na yi, Gil!"

"Mamanka ce ta hawo jiya ta gasa kek a nan. Sauka ka tambaye ta."

"Na tambaya. Mainha, mamar tawa, ta ce rabi kawai ta zuba..."

"To ni na shanye sauran! Hankalinka ya kwanta?"

Ba ta sha ba. Ko murfin ba ta lasa ba. Amma kallon da ya yi mata ya nuna ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki.

Shekararsu bakwai da aure, a benen da suka ɗora bisa gidan mahaifiyarsa Dona Zuleide a unguwar Casa Amarela, kuma ko ɓatan wata Gilmara ba ta taɓa yi ba. Likita ta ce ƙiba da ciwon suga ne suka tare hanya. Shi ya sa ta yarda aka yi mata aikin rage tumbi. Watannin farko jikinta ya yi ta zubewa, Valdo na ɗaukar hotonta yana tura wa dangi, yana kiranta amaryarsa. Sai kwatsam sikeli ya tsaya cak, ya ƙi gaba. Daga nan fara'ar gidan ta fara raguwa.

Washegarin rigimar gwangwanin ta tashi ta tarar an garƙame kabad ɗin kayan abinci da kwaɗo.

Ta daɗe tana kallonsa. Namijin da ya kwana a kan kujerar asibiti saboda ita, yau shi ne ya kulle mata suga kamar wata yarinya mai kwaɗayi! Abin ya yi mata ciwo har cikin ƙashi, sai dai ba ta iya tayar da jijiyar wuya ba, domin gaskiya akwai abin da take ɓoyewa. Ba dai abinci ba ne.

Bayan aikin, likita ta ja mata kunne a ranar da Valdo bai samu damar raka ta ba: kada ta kuskura ta ɗauki ciki sai bayan shekara ɗaya da rabi, jikinta ba zai iya ciyar da mutum biyu ba yanzu. Ƙwayar tsarin iyalin da ta fara sha da sanin Valdo gab da aikin kuma ba abin dogaro ba ce, hanjin ba ya tsotsar ta kamar da. Likitar ta ba ta shawarar robar da ake sakawa a mahaifa. Gilmara ta tsorata, ta ce za ta yi tunani. A hanyar gida ta biya kemis ɗin da ƙawarta Neide ke aiki, Neide ta ja ta ɗakin baya ta tsira mata allurar hana ɗaukar ciki ta wata uku, kamar yadda rabin matan layin ke yi ba tare da an tambayi kowa ba.

Ta yaya za ta faɗa wa Valdo? Dona Zuleide kullum rantsuwa take cewa allurar nan tana busar da mahaifa, shi kuwa Valdo maganar uwarsa ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Zai ce ba ta son haihuwa da shi.

Ranar Lahadi suka sauka cin abincin rana a ƙasa. An cika tebur da shinkafa da wake da naman da aka busar a rana, Gilmara na tsakurar nata a ɗan ƙaramin faranti, idon surukarta na kan kowane cokali.

"A gaban mutane dai ci take kamar tsuntsuwa," in ji Dona Zuleide, tana magana da tukunya. "To ina jikin yake samun nasa?"

"Mainha, don Allah..."

"Ni na ce wani abu? Maƙwabta ne dai suka ce sun ga wata tana shigewa ɗakin baya na kemis, har a rufo ƙofa. Ko alewa ake sayarwa a can, ko wani abin daban, ni ban sani ba."

Cokalin Valdo ya tsaya a iska. Ya juyo a hankali.

"Me kike yi a can, Gil?"

"Wurin Neide nake zuwa."

"A rufe ƙofa don a gaisa da Neide?"

Ta ajiye cokalinta. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta gane tunaninsa ya wuce batun alewa.

"Jibi tare za mu je wurin likita," ya ce. "Zan ji komai da kunnena."

A ofishin likita, Valdo ne ya riga ta magana. Ya zayyane komai, har da gwangwanin. Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta dubi Gilmara.

"Ba ki dawo kan maganar robar ba. Da me kike tsarin iyali yanzu?"

"Ƙwaya take sha," in ji Valdo.

"Ita na tambaya."

Gilmara ta sunkuyar da kai. Ta kafa wa yatsunta ido.

"Allura... ta wata uku. Sau biyu ke nan. A kemis."

Ba ta dubi Valdo ba.

"Kina jin yunwa fiye da da?" in ji likitar.

"Kullum, likita. Kamar ana yagar cikina. Amma wallahi ban taɓa wuce abin da kuka ce in ci ba!"

"Na yarda. Wasu matan allurar nan takan buɗe musu ciki, wasu takan sa jikinsu ya riƙe nauyi. Ba kowa ba, kuma ba zan rantse ita kaɗai ce ba, tsayawar sikeli takan zo ko babu ita. Za mu sauya miki wata hanyar mu gani."

"Mahaifar fa?" in ji Valdo. "An ce tana busarwa..."

"Ba ta busar da komai. Takan jinkirta na wasu watanni bayan an daina, shi ke nan. Matarka tsare kanta ta yi, da yaron da kuke jira. Kuskurenta ɗaya, ba ta zo ta faɗa mini ba."

Suna shiga gida ya wuce kicin, ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon.

"Kin gwammace in kira ki ɓarauniya, in zarge ki da... da abin da ba zan iya maimaitawa ba, da ki faɗa mini gaskiya?"

"Tsoro na ji ka ce ba na son ɗanka."

"Ɗana? Gil, ɗan da babu ke me zan yi da shi?"

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Dona Zuleide ce, da alama ta daɗe a kan matakala tana saurare. Ta yi ta murza gefen rigarta.

"Ragowar madarar nan..." ta ce, idonta a ƙasa. "Ni na lashe. Kun san an hana ni zaƙi, shi ya sa ban faɗa ba."

Gilmara ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka mai cin rai. Valdo ya jawo ta jikinsa, hawayensa na sauka a gashinta.

"Duk watannin nan da yunwa kike kwana, masoyiyata? Kina wucewa ta gaban kabad ɗin nan?"

Ta gyaɗa kai a ƙirjinsa.

"Yunwar da sauƙi, Valdo. Kallon da kake yi mini ne ya kusa kashe ni."

Ya miƙa hannu ya jefa kwaɗon cikin kwandon sharar da ya tona, bai sake ta ba.