Lambar Da Bakoji Ya Kawo

"Tsaya! Kashe motar nan ko in kashe ka!"

Farar Hilux ta ci burki, ta yi gefe, ta tsaya dab da kututturen da aka gicciya a hanya. Rana tsaka ce, a kan hanyar da ta taso daga Kuyello, daidai inda gonakin masara suka ƙare daji ya fara. Mutum uku suka fito daga cikin ciyawa, fuskokinsu a naɗe.

Na gaba shi ne Dabo, ogansu, gajere mai faɗin ƙirji. Bayansa Bakoji, amininsa tun suna lodin buhuna a tasha. Na ƙarshe Obed, direbansu, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, aikinsa sitiyari kawai.

Direban Hilux ɗin, wani dattijo mai suna Benjamin, ya kai hannu zai ja burkin hannu. Dabo bai tsaya tambaya ba.

Tau!

Harsashi ya huda ƙofa ya shige cinyar Benjamin. Ya ƙwalla ƙara.

"Innalillahi! Kada ku kashe shi, bayin Allah!" in ji mai motar, Alhaji Ladan, mai sayen zinare a hannun masu haƙa. "Ba komai a motar nan, ku duba!"

"Mun san ba komai a motar," in ji Bakoji. "Ɗaga riga, Alhaji."

Jakar fata ce cike da zinare, ɗaure a cikinsa, ƙarƙashin babbar riga. Bakoji ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Suka jawo Benjamin suka yar a bakin hanya, Alhaji ya durƙusa kansa yana danne raunin da hularsa.

"Lamba!" in ji Dabo.

Bakoji ya zaro lambobin mota biyu daga buhu, ta gaba da ta baya. Obed ya kwance na Alhaji ya wurga cikin ciyawa, ya ɗaura sababbin. Dabo na tsaye kansa yana ba da darasi, domin shi mutum ne mai son a san ya waye.

"Kun ga motar nan da aka girke a bakin kasuwa, mai kyamara a ka? Lamba take karantawa. Motar sata ta gifta, ta yi kuka. Sakarkaru za ta kama, ba mu ba. Bakoji, lambar nan tsaf take?"

"Tsaf, Oga. Ta wata tsohuwar mota ce da ta mutu a gareji."

"Madalla. Kai ɗauki kayan ka bi ta daji a babur. Mu za mu ratsa gari da mota, mai saye na jira a Kaduna. Ko an tsayar da mu, ba abin da za a gani. Mu haɗu a gidan ƙanwata Sadiya."

Bakoji ya rataya jakar, ya rungume Dabo har da bubbuga baya.

"Allah Ya tsare hanya, Oga."

"Mu ware!"

*

A bakin kasuwar Birnin Gwari, Sufeto Martha na zaune cikin motar kyamara tana fifita da kwali. Tun farkon damina aka kawo motar, kuma tun ranar gari ke dariya. Hanya ta gagari kowa, manoma na tsoron gonakinsu, amma abin da aka ga ya dace a aiko shi ne na'urar kama masu fakin ba daidai ba.

Aiki biyu na'urar ke yi. Ta ɗauki hoton duk motar da ta tsaya inda aka hana. Sannan ta aika lambar kowace mota Kaduna, a duba ko ana nemanta. Na farkon ba ya buƙatar sabis. Na biyun sai da sabis. Shi kuwa sabis tun safe ya ɗauke.

"Isah, ya dawo?"

Saje Isah ya leƙa allon. "Ko ɗigo, ranki ya daɗe."

"To yau me muka kama?"

"Motar tumatir, da motar makarantar Islamiyya."

"Manyan 'yan ta'adda," in ji Martha. "A sanar da hedikwata."

*

Bakoji na tsula gudu a siririyar hanyar daji, jaka na dukan haƙarƙarinsa, shi kaɗai yana dariya. Ba gidan Sadiya ya nufa ba. Ya yi yamma, wajen dajin Kamuku, da niyyar daga can ya ɓulle jihar Neja.

Lambar nan ba ta motar gareji ba ce. A cikin daji ya kwance ta, jikin wata mota da aka ƙone. Da motar aka yi aikin da aka kashe 'yan sanda bara a hanyar Kaduna. Duk mai kaki a jihar nan ya san labarin, kuma duk wanda aka gani da lambar, sai an harbe shi sannan a tambayi sunansa.

Ya gaji da rabon Dabo, wanda kullum kason Oga ya fi na sauran a haɗe. Bai iya kashe amininsa da hannunsa ba. To ga gwamnati ta kawo na'ura, kyauta.

Obed ne kawai ya ɗan tsaya masa a rai. Ya ƙara wuta, tunanin ya wuce.

*

Hilux ta shigo gari a hankali. Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe da babura da amalanke. Ga motar kyamara can a gaba. Gumi ya jiƙa rigar Obed.

"Oga, ga ta fa."

"Tafi a hankali. Saki fuskarka, kamar mai zuwa biki."

Suka zo daidai da ita. Idon kyamarar ya juyo. Suka wuce.

Shiru.

Dabo ya daki cinyarsa. "Ka gani! Na ce maka ilimi ne! Bakoji ɗan albarka!"

Motar ta yi tari. Ta sake yi. Obed ya kalli allon mai, ya dafe kai.

"Oga, babu mai."

"Kamar ya babu mai?"

"Jan wuta take nunawa tun daga daji, na ɗauka za ta kai mu gidan mai. Mutum na yawo da zinare a ciki, amma ba zai iya cika tanki ba!"

"Matsiyaci! Tsaya wajen 'yan bumburutun can."

Obed ya gangara gaban masu sayar da mai a galan. Bai lura da allon da ke saman kansa ba, mai jan rubutu: BA A FAKIN A NAN.

*

A daidai lokacin, wata motar masara ta ɗauko Alhaji Ladan da direbansa. Benjamin na kwance kan buhuna, leɓɓansa sun yi fari. Alhaji na tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen mota, ɗayan ya ɗaga waya sama yana juya ta gabas da yamma.

"Alhaji," in ji Benjamin da ƙyar, "ka samu 'yan sandan?"

"Babu sabis, Benjamin. Yi shiru, kada ka ƙarar da ƙarfinka."

"Ka ce da matata Blessing kada ta sayar da akuyar."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka. Direba, taka motar nan don Allah!"

Har zuwa wannan lokaci, babu ɗan sanda ɗaya a duniya da ya san an yi fashi.

*

Ana cikin ɗura mai, Dabo ya ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ya leƙo. Saje Isah ne durƙushe, ya gama datse tayar gaba da makulli. Sufeto Martha na tsaye a gefen taga.

"Sannunku da hanya. Kun iya karatu?"

Hannun Dabo ya sauka ƙarƙashin kujera, inda bindiga take. Ya dubi fuskar matar. Babu tsoro, babu zargi, gajiya ce kawai. Ya janye hannun, ya washe baki.

"Ranki ya daɗe, kuskure ne. Baƙi ne mu."

"Allon ma baƙo ne, amma ga shi kowa na ganinsa. Za ku bi mu ofis ku biya tara."

Obed ya ga cikakken sunanta a ƙirji, ya gane 'yar yarensu ce, ya juya harshe zuwa Gbagyi, ya kira ta yayarsa, ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya a Kaduna. Ta saurare shi har ya gama, ta amsa da Hausa.

"Allah Ya ba ta lafiya, ƙanena. Ofis."

Dabo ya fito daga motar. Mutumin da ɗazu ya harbi dattijo ba tare da ƙifta ido ba, yanzu ya cire hula ya rusuna. Ya dunƙule wani abu a tafin hannu ya matso.

"Hajiya, a sha ruwa mana. Mu talakawa ne."

"Ni ba Hajiya ba ce. Kuma na'ura ta riga ta ɗauki hoto. Ko ubana ne, ba na iya gogewa."

"Na'ura ai ba ta da baki."

"Yau dai ba ta da shi," in ji Isah, yana komawa motarsu.

Mutane suka fara taruwa. Wata mai gyaɗa, Halima, ta sauke farantinta tana kallo. Wani mai shayi ya sa baki, "Haba Madam, a yi musu haƙuri, daga gani mutanen kirki ne!"

"Ka ji ko?" in ji Dabo. "Jama'a ma sun shaida."

Sai wayoyin kasuwa suka fara ƙara lokaci guda, saƙonnin da suka maƙale tun safe suna shigowa. Wani ya yi ihu, "Sabis ya dawo!"

Daga cikin motar kyamara wani kuka ya tashi — ƙiiii! ƙiiii! — irin wanda Martha ba ta taɓa ji ba tun da aka kawo ta. Isah ya kalli allon. Allon ya yi ja wur. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Ranki ya daɗe, kwanta! Su ne! Masu kashe 'yan sanda!"

"Obed — ja!" in ji Dabo.

Obed ya murza makulli ya taka. Ya manta da ƙarfen da ke taya. Motar ta yi tsalle, ta juya, ta afka rumfar mai tumatir. Dabo ya finciko bindiga ta taga.

Ta-ta-ta-tau!

Kasuwa ta watse. Martha ta faɗi bayan galan-galan, kafaɗarta na jini. Isah ya buɗe wuta daga bayan mota. Jami'an da ke shingen shiga gari suka ji, suka rugo — ba wanda ya tsaya tambaya. Gilashin Hilux ya tarwatse. Obed ya kifa kan sitiyari, hon ya kama kuka bai daina ba.

Dabo ya ruga cikin rumfuna. Ya juyo zai sake harbi — ƙyas! Harsashi ya ƙare. Wani mahauci ya maka masa benci a baya. Kafin ya tashi an rufe shi. Mai shayin nan da ya shaide shi ɗazu, shi ne ya fara ihun a kawo taya da fetur.

Martha ce ta kutsa, hannu ɗaya na lilo, ta tsaya a kansa.

"Duk wanda ya ƙyasta ashana, shi ma ofis!"

*

Halima mai gyaɗa ba ta tashi ba. Harsashin Dabo ya same ta a wuya, ta bar 'ya'ya ƙanana. Benjamin ya rayu, amma an yanke ƙafar, tuƙi ya ƙare. Gawar Obed kuwa sai da ta kwana biyu kafin danginsa su yarda su zo ɗauka.

Washegarin harbin da hantsi aka fito da Dabo daga sel, fuska a kumbure, aka zaunar da shi gaban Martha. Kafaɗarta na naɗe da bandeji. Wayarsa na kan tebur.

"Tambaya ɗaya, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ya aka yi na'urar ta gane motar Alhaji? Mun canza lamba."

"Ba ta gane ta ba. Lokacin ko rahoto Alhaji bai kawo ba. Da kun bar mata lambarta, tara kawai za ku biya ku wuce."

Dabo ya ɗago kai ya dube ta.

"Lambar da kuka ɗaura ake nema tun bara. Wa ya ba ku ita?"

Dabo ya tuna wanda ya zaro lambar daga buhu. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ta fasa masa leɓe.

Wayar ta yi ƙara. Sunan Bakoji ya fito. Martha ta danna, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

Ba muryar Bakoji ba ce. Wata ce, a sanyaye, ta mutumin da ba ya sauri.

"Kai ne Dabo? Mun tsinci mutuminka jiya a dajinmu, shi kaɗai, da jaka. Jakar mun karɓa, mun gode. Saura shi. Mun ce wa za a kira, ya ce ba shi da kowa a duniya sai kai. Ga shi."

Aka ji motsi, sannan kuka.

"Oga! Oga, kana da rai? Alhamdulillahi! Don Allah ka taimake ni, sun ɗaure ni tun jiya, sun ce in ba a kawo komai ba za su yanka ni! Oga, ka tuna tare muka taso!"

Martha ta yi wa Dabo alama da hannu ya ja zancen, ko a gane inda suke. Dabo ya sunkuyo kan wayar, ankwa na ƙara a hannunsa.

"Ba wa mai wayar," in ji shi.

Muryar farko ta dawo. "Ina jin ka."

"Malam, ba lambar ba ce. Ban san shi ba."

Aka kashe wayar daga can. Martha ta sake kira, ta sake kira, a kashe. An tura mota ta bi hanyar Kamuku har inda hanya ta ƙare, ba a samu komai ba sai babur a jingine da bishiya, babu mai a ciki.