Takardar Da Ba Ta Ce E Ko A'a Ba

"E ko a'a nake son ji! Kina da ciwon ko ba ki da shi?"

Malama ta ƙara rungume 'yarta da ke barci a cinyarta, tana kallon takardar gwajinta a hannun mahaifiyar saurayinta. A jaka ta ɓoye ta, amma 'yar goggonsa, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ta zaro ta kawo har falon nan.

"Mama, ba ni da shi... Kansar hanji ce ta yi ajalin Babanmu, shi ya sa na yi gwaji, saboda yarinyar nan. Sun ga wani sauyi a ƙwayar halittata."

"Ciwon gado dai!" in ji 'yar goggo.

"Likita ta ce ba su san ma'anarsa ba. Wai yawancin waɗanda aka yi bincike a kansu ba baƙar fata irinmu ba ne. Zai iya zama haɗari, zai iya zama ba komai..."

"Ikon Allah! Likitar ma ba ta sani ba?" in ji Mama.

Ita kanta Malama sati biyu ke nan kanta a ɗaure. Kuka za ta yi ko hamdala?

Saurayin nata, Tela, ya faɗo falon da tef ɗin awo a wuya.

"Mama, don Allah..."

"Rufe min baki, auta! Bazawara da 'ya na haƙura, amma ba za a shigo min da cuta cikin zuri'a ba. Mu gidanmu ƙalau muke. Ubanka ma basir ne kawai ya tafi da shi."

Malama ta ɗago kai da sauri.

"Basir, Mama? Yana zubar da jini?"

"Shekara biyu cur."

"Ya rame? Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure?"

Mama ta sauke takardar a hankali.

"Wa ya gaya miki?"

"Shekararsa nawa?"

"Arba'in da huɗu... Ƙanensa ma haka ya tafi."

"Mu ma jiƙon basir muka yi ta ɗura wa Babanmu, Mama."

'Yar goggo ta lalubi takalmanta ta sulale.

Malama ta juya ga Tela, hawaye na zuba.

"Masoyi, ko an fasa auren nan, ka je a leƙa hanjinka da na'ura. In an gani da wuri, ana cirewa. Ka yi min alkawari!"

Mama ta daɗe tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

"'Yata... yaushe likitar ke zama?"

"Talata."

"Ke za ki kai shi. Wannan ko allurar ɗinki ce ta soke shi, sai unguwa ta ji."

Tela ya sosa ƙeya.

"Mama, a wane matsayi za ta kai ni?"

"Sakarai! Asabar a ɗaura, Talata ku tafi."